Noma da ƙarfe tsakanin layi: zai iya da ƙarangiya da harƙiya?

Tambayar ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Kafin Hausa, Jihar Jigawa. Ya ce yana da gonar tudu kimanin hekta 3, gero da dawa da ɗan masara, yana kuma ratsa wake a ciki. Da rani yakan kama fegi a wajen Auyo ya yi alkama. Ciyawa mai siririn ganye ta fi ƙarfinsa, feshi bai kashe ta ba, kuɗin 'yan ƙwadago kuma ya yi tashin gwauron zabi. Ya ga bidiyo a Facebook, tarakta na jan wasu ƙarafa tsakanin layukan alkama, tana share ciyawa ba ta taɓa shuka. Yana son ya san ko hakan zai yi a gonarsa, da kuma abin da ya kamata ya saya.

Malam, Allah ya sa a yi damina lafiya. Zai yi, kuma na ga yana yi a gonakin tudu irin taka. Sai dai kafin a kai ga maganar saye, ka riƙe wannan: ƙarfen da shanu ko inji ke ja ba ya bambance gero da ƙarangiya, duk abin da ya tarar a gabansa yankewa yake. Abin da ke tsare amfaninka shi ne layi. Saboda haka rabin aikin noman nan tun ranar shuka ake gama shi, ɗaya rabin kuma yana ga ranar da ka zaɓa ka shiga gona. Kayan aikin da za ka saya shi ne na uku a muhimmanci, kuma mai yiwuwa ma akwai shi a garinku.

Bari mu fara da feshin da ka ce ya ba ka kunya, don ba lallai ne an sayar maka da jabu ba. Gero da dawa da masara da shinkafa da alkama duk dangin ciyawa ne, gida ɗaya suka fito da ƙarangiya, harƙiya, gude-gude, tuji, burburwa, kyasuwa da gyazama. Maganin da zai kashe ɗaya ya bar ɗan'uwansa yana da wuyar samu. 2,4-D da ake yawan fesawa a shinkafa da alkama na ciyawa mai faɗin ganye ne, harƙiya ko a jikinta. Gilaifoset da farakwat ba sa zaɓe, in sun taɓa dawa ta tafi. Atirazin masara da dawa suna jure shi, amma ƙarfinsa ya fi yawa a kan mai faɗin ganye, gyazama tana tsallake shi, sannan waken da kake ratsawa ba zai kai labari ba. Akwai magungunan da ke tsamo ciyawa daga cikin masara bayan ta fito, to amma su ɗin ne ke ƙona dawa. Gero kuwa kusan ba shi da nasa. Ga shi kuma hukumar NAFDAC ta sanar da janye farakwat da atirazin daga kasuwa. Ga mai gero da dawa da wake a gona ɗaya, ƙarfe ne dai mafita.

Abin da ya sa ciyawar nan ta fi tafasa ko kashin yawo taurin kai a gaban ƙarfe shi ne inda ranta yake. Tafasa daga sama take tsiro, in ka sare ta a wuya shi ke nan. Harƙiya da 'yan'uwanta kuwa idon tsironsu a gindi yake, daidai fuskar ƙasa ko ɗan ƙasa da ita. In ƙarfe ya aske ganyen kawai, bayan kwana uku za ka tarar ta dawo kore shar. Dole bakin ƙarfen ya bi ta ƙarƙashin gindin, ya raba shi da saiwa, ya bar shi a sarari rana ta ci.

Kuma wannan yana da sauƙi ne kawai lokacin da take ƙarama. Bayan ruwan shuka da 'yan kwanaki, ka sa yatsa ka ɗan tona ƙasa tsakanin layi. Za ka ga wasu siraran abubuwa farare kamar zaren ɗinki, ita ce ciyawar tun ba ta leƙo ba. A wannan matakin motsa ƙasar kaɗai ya isa ya kashe ta. Daga nan har ta yi ganye biyu zuwa uku, saiwarta ɗaya ce siririya, kowane ƙarfe mai kaifi zai gama da ita. Da zarar ta fara fitar da 'ya'ya a gindi, sai ta saki sabbin saiwoyi masu kauri ta riƙe dunƙulen ƙasa. A lokacin in ka tumɓuke ta, da ƙasarta take tashi, ta kwanta a gefe, ruwan dare ya sauka, da safe ta kama. Harƙiya ma ta fi muni, don duk gaɓar da ta taɓa ƙasa saiwa take yi. Mafi yawan manoman da suka ce mini garma ba ta kashe ciyawa, in na bi diddigi sai in tarar sun shiga ne bayan wata guda da shuka, lokacin da gonar ta riga ta yi kore har ana hange daga hanya. Ni a wurina noman firi da ƙarfen shanu tsakanin kwana 10 zuwa 14 da fitowar shuka ya kamata a yi shi, lokacin da mai wucewa zai ce wannan mutum me yake nomewa a gona fes.

Ranar ma sai an zaɓa. Ana son saman ƙasa ya sha iska yana wargajewa a hannu, ga kuma rana ta wuni a gaba. Ka shiga da safe bayan raɓa ta ɗauke, ka bar zafin azahar ya ƙarasa maka aikin. A ƙasar jigawa mai yashi irin taku wannan ba wuya, kwana ɗaya bayan ruwa ƙasa ta yi daidai. A ƙasar laka sai an ƙara haƙuri, in ba haka ba ƙarfen zai riƙa ɗebo taɓo yana dasa ciyawar daga wuri zuwa wuri. In ka bari marka ta kama ka a watan Agusta, ana ruwa yau ana yi gobe, babu injin da zai fisshe ka, dashe kawai za ka riƙa yi mata.

Zurfi kuma santimita 3 zuwa 4 ya isa, wato gaɓar yatsa ɗaya da rabi. Mutanenmu suna son su ga garma ta nutse, a ganinsu nan ne aka yi aiki. Nutsewar tana jawo abu uku. Tana tono irin ciyawar da ke kwance a ƙasa ta kawo shi sama inda zai tsiro, tana busar da damshin da gero ke buƙata in ruwa ya ɗauke ƙafa, tana kuma yanke saiwar amfanin. Wannan na ƙarshen ya fi tsanani a maimai, don a sati na biyar zuwa na shida saiwar masara da dawa ta riga ta miƙa zuwa tsakiyar layi. Duk lokacin da shuka ta ƙara girma, ƙarfe ya ƙara nisa da gindinta, ya kuma rage zurfi.

To mene ne ribar ƙarfen a kan fartanya, tunda ita ma abin da take yi ke nan? Sauri ne, kuma lissafinsa ba wuya. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo da faɗi. In tazarar layinka santimita 75 ce, kana da layi 133, tafiyar kusan kilomita 13 da ɗoriya. Shanun huɗa suna cin kilomita 2 da rabi zuwa 3 a awa, ka ga kimanin awa 5 ke nan ban da juyawa da hutu, wato safiya biyu ba tare da an wahalar da dabba ba. Hekta 3 ɗinka za ta ƙare cikin mako guda. Da fartanya, kai da yaranka, kafin ku kai ƙarshen gona farkon ya sake rufewa, kuma ciyawar da kuka tarar a satin ƙarshe ta riga ta yi 'ya'ya. Makonni shida na farko su ne lokacin da ciyawa ke cin hatsi, tana kwashe taki da damshi tun shuka ba ta da ƙarfin kare kanta. Ƙarfen yana ba ka damar zagaye gonar sau biyu ko uku a cikin wannan ɗan lokacin.

Yanzu ranar shuka. Shukar sungumi da taku, kowa na bin idonsa, ita ce ke hana a shiga da garma daga baya. Layin da ya fara da santimita 80 ya ƙare da 55, ƙarfen da aka saita wa faɗi ɗaya ko dai ya bar ciyawa a nan ko ya sare dawa a can. Ka samo igiya doguwa da turaku biyu da sanda da aka yanke daidai santimita 75, ko 90 in gero ne a ƙasa mai rauni. Ko kuma ka sa maƙeri ko kafinta ya haɗa maka katako mai haƙora uku ko huɗu a tazarar da kake so, a ja shi ya zana layi, haƙorin gefe yana bin zanen da aka yi a baya. Layi ba sai ya miƙe sak ba, in gawo ko kuka ta tare hanya a kewaye ta, muddin dai tazarar ba ta canja ba. A bar fili a kan gona inda shanu za su juya, a kuma tone kututturan da ke ɓoye, don su ne ke karya ƙarfe.

Maganar wake tana nan. In gicci kake yi, layin wake ya gitta na gero, ka toshe wa kanka hanya da hannunka. Ko dai waken ya shiga cikin layin hatsin, tsakanin gindi da gindi, ko ya samu layukansa na kansa masu bin hanya ɗaya da na hatsin a tazara ɗaya, misali layi biyu na dawa, huɗu na wake. Waken da ake ratsawa a makare, bayan an gama maimai, shi ba ya hana komai.

Abin da ake yawan mantawa shi ne karkiya. In layinka 75 ne, tsakanin wuyan sa da wuyan sa ya zama santimita 150, ninki biyu. Ta haka kowane sa yana tafiya a nasa kwarin, layi biyu na shuka suna tsakaninsu, garma tana bin kwarin tsakiya. Gajeriyar karkiya ita ke sa sa ya taka shuka. A sa musu takunkumi, in ba haka ba za su yi kiwo a kan dawarka, kuma ɗanyar dawa ƙarama tana da dafin da ke iya kashe dabba.

Kada wani ya ce maka za ka jingine fartanya. In ka bar santimita 10 a kowane gefen shuka, ƙarfen zai share 55 daga cikin 75, kusan kashi uku cikin huɗu na gonar. Ragowar kashi ɗayan shi ne wanda ke gindin amfanin, kuma ciyawar wurin ta fi kowace cutarwa. A noman firi dole mutum ya bi layi da hannu, sai a haɗa da rage shuka, a nan ne kuma mai ido yake cire shibra daga cikin gero. A maimai kuwa ƙasa ce za ta yi maka aikin. Shuka ta kai gwiwa, ciyawar gindinta sabuwar fitowa ce, sai a buɗe fukafukan garma ta watso ƙasa ta binne ta. Sharaɗin shi ne a rufe ta ruf. Ciyawar da kan ganyenta ya leƙo waje ba ta mutu ba. Ka zuba yuriya kafin wannan huɗar, garma ta rufe maka ita, don yuriyar da aka bari a sarari cikin zafi wani kasonta iska ke kwashewa.

Duk bayanin nan a kan ciyawar da ke fitowa daga iri kowace shekara ne. Kiri-kiri da aya-aya da tofa wani babi ne daban. Su a ƙarƙashin ƙasa suke ajiye ƙarfinsu, kiri-kiri da tofa a jijiya, aya-aya a 'ya'yanta. Ƙarfe ya daddatsa kiri-kiri ya ja gutsattsarin zuwa gaba, kowane guntu ya zama sabon gindi. In kana da inda suka yi sansani, ka ware wurin, ka tone shi da kaka bayan girbi ka bar jijiyoyin a sarari rani ya busar da su, ko ka fesa gilaifoset a wurin kaɗai lokacin da suke kore babu amfani a kai. Kuma ka kakkaɓe ƙarfe kafin ka fita daga wurin. Wuta-wuta ita ba ma dangin ciyawar nan ba ce, a saiwar dawa da gero take manne, kafin ta fito ta riga ta yi ɓarnarta. Maganinta tugewa kafin ta yi fure, da taki, da juya gona da wake ko waken suya.

Sai abin saye. Ga mai hekta 3 a jigawa, ni shanu zan ce, naka ko na haya. Garmar huɗa irin ta Emcot da ta cika ƙauyukanmu an yi ta ne don tayar da kunya, tana da kyau a maimai, amma a noman firi tana binne ƙaramar shuka in ba a tsuke fukafukan ko an cire su ba. Abin da ya fi shi ne a samu ƙarafa masu faɗi, shimfiɗaɗɗu, masu siffar ƙafar agwagwa, guda uku, kowanne kimanin santimita 20, ɗaya a gaba biyu a baya, bakinsu yana ɗan hawa kan na juna don kada ciyawa ta sulale ta tsakani. Maƙeran da ke gyaran garma suna iya fitar da su daga sifirin mota in ka zana musu. Irin wannan ƙarfen a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake aiki, ba ya bin gangaren kunya, don haka tsarin da ya dace da shi shi ne a shuka a fili, a yi firi da shi, a tayar da kunya a maimai. Inda ruwa ke kwanciya kuwa ka zauna a kan kunyarka. Ba shi da nauyin ja, a yashi jaki ɗaya mai ƙoshi zai ja mai baki ɗaya ko biyu. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta daɗe tana ƙera na'urorin noma na shanu, malaman gona na JARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jihar Jigawa, kuma su ne na kusa da kai da za ka tambaya abin da ke samuwa. Yashi yana cin ƙarfe, a riƙa wasa shi, dakusasshen baki kwantar da ciyawa yake ya wuce.

Ƙaramin injin fetur mai haƙora masu juyawa, wanda ake turawa da hannu, yana da kyau a masara a ƙasa mai ɗan nauyi. A jigawa ba na son sa sosai. Yana niƙe ƙasa ta zama gari, iskar farkon damina ta ɗebe ta ta yi wa ƙananan shuka bulala, kuma shi ne sarkin yaɗa kiri-kiri. Ga kuɗin mai tun bayan cire tallafi a 2023. In za ka saya, ka fara tambayar inda ake samun haƙoransa da bel ɗinsa, ka kuma auna faɗinsa da layinka. Tarakta kuwa sai wanda ya shuka da injin shuka, don yawan layin da ƙarfen noma zai ɗauka dole ya zo daidai da yawan layin da injin shukar ya zuba a tafiya ɗaya. Kuma taraktar haya ba ta zuwa ranar da ciyawa ke ganye biyu, tana zuwa ne ranar da aka zo kanka a jerin masu jira.

Abin da ka gani a bidiyo mai yiwuwa daga Turai ne. Dabarar tsohuwa ce a can, wani manomin Ingila mai suna Jethro Tull ya ƙera injin shuka a layi a 1701, daga baya kuma ya fito da ƙarfen noma da doki ke ja a tsakanin layi. Da maganin feshi ya zo sai suka yi watsi da ita, suka matse layin alkama zuwa kimanin santimita 12. Abin da ya dawo da su shi ne wata ciyawa dangin alkama da ta daina jin magani, an fara gano hakan a Ingila a 1982, ga kuma masu noman da ba sa amfani da feshi sam. Yanzu masu son noma da ƙarfe suna buɗe layi zuwa wajen santimita 25, kamfanoni irin su Garford suna ɗora kyamara da kwamfuta a kan ƙarfen tana kallon layi tana gyara masa zama. Kyamarar aikin da mai riƙe garma yake yi da idonsa take yi, sai dai a guje kuma a faɗin mita da yawa. A hekta 3 ba ka bukatarta.

Alkamarka ta Auyo ita ce ta fi kama da bidiyon, kuma a nan ne sai ka canja hali. In watsi kake yi, babu ƙarfen da zai shiga, ko hannu ma da ƙyar yake bambance alkama da ciyawa a satin farko. Ka shuka a layi, tazarar santimita 20 zuwa 25, duk abin da ya fito a wajen layi ka san ba naka ba ne. Kada ka buɗe fiye da haka don jin daɗin noma, alkamar rani kwanakinta kaɗan ne, tana bukatar ta rufe ƙasa da wuri ta danne ciyawa da inuwarta. Lissafin nan ma ka yi shi: a tazarar 25 hekta tana da layi 400, tafiyar kilomita 40 in baki ɗaya kake turawa. Saboda haka abin turawa mai taya ɗaya da baki uku, kowanne santimita 12 zuwa 15, shi ne daidai, ya mai da tafiyar kilomita 13. Fangali ƙanana suna takura shi, in ƙasar ta yarda ka tsawaita su ta bangaren da layi ya bi. A shiga kwana biyu ko uku bayan ban ruwa, da ƙasa ta daina kama ƙafa, a kuma jinkirta ruwa na gaba har ciyawar ta bushe. Sau biyu ya isa, wajen sati na uku da na biyar, da zarar alkama ta fara ɗaga kara a fita a bar ta.

Akwai dabarar da mai ban ruwa yake da ita wadda mai tudu ba shi da ita. Ka gyara fegi, ka ba shi ruwa babu iri a ciki, ka jira mako guda ko kwana 10 ciyawa ta fito, ka kankare ta sama-sama, sannan ka shuka ba tare da ka sake juya ƙasa ba. Amma ka fara da wuri yadda shukar ba za ta wuce tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba, don alkamar da ta makara zafin Maris ne ke tarar da ita tana cika ido. In kuma wata shekara shinkafa ka yi a fegin, dashe a layi ta kowane ɓangare, 20 da 20 ko 25 da 25, yana ba ka damar tura ƙaramin abin noma mai juyawa a tsaye da kuma a gicciye, da ɗan ruwa a kwance, daga kwana 10 zuwa 12 bayan dashe, yana tura ciyawar cikin taɓo.

Na san uwargida za ta tambayi abin da za a ba awaki, tunda da damina a ɗaure suke kuma ciyawar noma ce abincinsu. Gaskiya ne, wanda ya yi firi da wuri ba ya dawowa gida da dami. Ka bar musu gefen gona da kan iyaka inda kyasuwa da gamba suke, a riƙa yanka kafin su yi iri, ƙarangiya musamman, don wadda ta zubar da ƙaya a kan iyaka ita ce za ka tarar a tsakiyar gona baɗi.

Bana kada ka juya duk gonar. Ka ware rabin hekta na dawa ko masara, ka shuka da igiya a 75, ka yi magana da mai shanu tun kafin ruwa ya sauka, ku auna karkiyarsa tare, ku kuma yi yarjejeniya cewa zai zo kwana 10 zuwa 14 bayan fitowar shuka, sannan ya dawo bayan sati uku. Ka biya shi kafin alƙalami a kan waɗannan ranakun, domin a makon kowa ke nemansa.